Mai Hoto a Gidan Biki

Idan muka zo darasin sana'o'in Hausawa, jerin da muke bai wa ɗalibai sananne ne: noma da ƙira da jima da saƙa da rini da dukanci da fawa da wanzanci, sai kiɗa da roƙo ga malamin da ya so faɗaɗawa. Ɗaukar hoto ba ta cikin jerin, dalili kuwa a fili yake. Baƙuwa ce, ba a gadonta, ba ta kuma da sarki a fada kamar yadda maƙera da mahauta suke da nasu. Amma duk wanda ya halarci biki ko suna a Damagaram ko Maraɗi cikin shekarun nan ya san ana iya yin taro babu makaɗi, ba a cika yin sa babu mai hoto ba.

Harshe ma ya riga mu karɓar sana'ar. Kalmar "hoto" ta aro ce, amma ta zauna har ta yi jam'i, har ta shiga azancin magana, domin idan aka ce alkawarin wane "hoto ne kawai" kowa ya gane babu komai a bayansa. Muna cewa a ɗauki hoto, kamar kaya. A wanke shi, kamar tufafi. In ya yi kyau mu ce ya fito, in haske ya yi masa yawa mu ce ya ƙone. Wannan "wankewa" ragowar zamanin fim ce, lokacin da ake tsoma takarda cikin ruwan magani a ɗaki mai duhu, a ɗauraye, a shanya. Yau injin da ke buga hoto daga waya ko kwamfuta ba lalle ya taɓa ruwa ba, amma yaron da aka haifa bayan fim ya ƙare har yanzu cewa yake zai je wankin hoto.

Abin da na sani game da aikin kansa na same shi ne daga wani maƙwabcina a Damagaram, mutum mai kimanin shekarata, wanda ba shi da shago kuma ba ya aiki a ƙarƙashin kowa. Jarinsa kyamara ɗaya, fitilar walƙiya, batura, tsohuwar kwamfuta, da babur. Shekaru muka yi muna hira a ƙofar gida bayan isha'i, shi yana goge kayan aikinsa ni ina jinkirta gyaran takardun jarrabawa, kuma sau da dama na tarar da shi a bakin aiki a bukukuwan dangi.

Ranarsa takan fara tun daren jiya, da cajin batura, abin da ba ƙaramin tunani ba ne a garin da wuta ke zuwa ta koma ba sallama. Suna da sassafe ake yi, ɗaurin aure ma galibi da hantsi, saboda haka a ranakun Asabar da Lahadi yakan zaga gida uku ko huɗu kafin azahar. Sauran kwanakin mako na ƙananan ayyuka ne: hoton katin shaida, na maniyyata, na ɗaliban da za su zauna jarrabawa, na yaron da ya sauke Alƙur'ani yana riƙe da allon zayyana. A lokacin hunturu babban abokin gabarsa ƙura ce. Ba ya yarda ya cire gilashin kyamara a sarari, don ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga ciki za ta bar ɗigo a wuri guda a kan kowane hoto na ranar.

Rana kuwa, wadda jahilin sana'a zai zaci ita ce abokiyar mai hoto, ita ce ta fi wahalar da shi. In ta take tsaka, inuwar hula da ta goshi sukan rufe ido, mutum ya fito kamar mai ramuka biyu a fuska. Ga kuma matsalar da ta keɓanta da irin suturarmu: baƙin mutum cikin farar shadda mai ƙyalli. Kyamara na auna haske ne gaba ɗaya, sai farin rigar ya ruɗe ta, ta rage hasken, aiki da zubin rigar su fito raɗau, fuskar mai rigar ta dushe. In an ƙara haske don fuska, rigar ta ƙone, ɗinkin da Alhaji ya biya kuɗi mai yawa a kansa ya ɓace. Wannan matsala tana da tarihi, domin shekaru masu yawa kamfanin Kodak da hoton mace farar fata yake sa masu wanki su daidaita launi. Maƙwabcina bai karanta wannan tarihi ba, amma ya san maganin: ya ja mutum zuwa bakin zaure ko gindin bedi, inda haske ke shigowa daga gefe, ko ya kunna walƙiya da tsakar rana, abin da ke sa yara dariya.

Wannan duka ana koyonsa cikin ƴan watanni. Abin da ba ya koyuwa da sauri, wanda a ganina shi ne ainihin sana'ar, shi ne jera mutane.

A hoton iyali babu wurin tsayawa da ba shi da ma'ana. Wa zai zauna a kujera, wa zai tsaya, wa zai durƙusa a gaba? Gidan da ke da uwargida da amarya, wacce za ta kasance a damar maigida? Uwar ango da aka saki shekara ashirin da suka wuce ta zo bikin ɗanta, ga kuma matar uba wadda ta raine shi. Mai hoto ya shigo gidan ne minti goma da suka wuce, ba a ba shi tarihin kowa ba, amma dole ya karanta shi daga wanda ya gaishe da wa, da wadda ta kau da kai, da inda aka shimfiɗa wa kowace tabarma. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Shi sana'arsa ke nan kafin ya danna komai. Na taɓa ganin yadda ya warware irin wannan a bikin wani ɗan'uwana. Bai tambayi kowa ba. Ya ce, "Inna, ke da ɗanki tukuna, ku biyu kawai." Ya ɗauka. Ya juya ga ɗayar ya ce, "Hajiya, saura ke da ɗanki." Kowacce ta samu hotonta, kowacce an kira ango ɗanta a gaban jama'a, hoton da zai haɗa su kuwa ba a yi shi ba, kuma ba wanda ya lura an tsallake shi.

Ga kuma kunya, wadda muke rubuta maƙalu a kanta, shi kuwa yake fama da ita kullum. Uwa ba ta son tsayawa kusa da ɗan fari. Suruki ba ya haɗa kafaɗa da surukinsa. Amarya a lulluɓe take, kanta a sunkuye, kuma haka al'ada ta so ta kasance, alhali ƙawayenta da suka biya kuɗin hoton fuska suke so. Dattijo kuwa in aka ce ya yi murmushi sai ya ƙara ɗaure fuska, domin a wurinsa hoto wurin nuna kamala ne, washe baki na yara ne. Maƙwabcina ba ya cewa dattijo ya yi dariya. Yakan gyara masa wuyan riga, ya tambaye shi labarin gona ko na jikoki, ya ɗauka a daidai lokacin da amsa ta sassauta fuskar. Ni kam na fi son waɗancan tsofaffin hotuna na ɗaure fuska a kan murmushin aro da ake yi yau, amma wannan ra'ayin malami ne, ba shi ke biyan mai hoto ba.

Shigarsa cikin gida ma wani abu ne. Namiji ne baƙo a tsakiyar taron mata, ranar da aka ci ado, ake rawa, mayafi ke zamewa. An bar shi ya wuce zaure ne bisa wata yarjejeniya da ba a furtawa: zai ga abin da ba a nuna wa maza, kuma ba zai fita da shi ba. Akwai gidajen da ba a yarda ba sam, ko don kulle ko don fahimtarsu ta addini game da hoto, kuma ba ya gardama. A irinsu yakan tsaya wurin maza, cikin gida a nemo mace mai hoto, waɗanda yanzu suka fara yawa. Inda aka bar shi ya shiga, yakan ce rabin aikinsa sauke kyamara ne. Matar aure ta taso tana rawa, ya san mijinta ba zai so ba, sai ya juya wajen masu rabon abinci.

Batun kuɗi shi ne inda sana'ar ta fi kama da caca. Aiki iri biyu ne. Akwai wanda masu biki suka kira shi, aka yi ciniki, aka ba da kafin alƙalami, saura sai an kawo albam. Wannan saura kuwa yakan daɗe, domin bayan biki aljihun kowa a bushe yake. Akwai kuma na kasada: ya ɗauki baƙi ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun biya ba, ya hau babur ya ruga wurin wanki, ya biya daga aljihunsa, ya dawo kafin taro ya watse ya baza hotunan a kan tabarma. Wadda ta ga kanta ta yi kyau ta saya. Wadda ta ga ba ta yi ba ta ce, "Wannan ai ba ni ba ce," ta ajiye. In ya makara da rabin sa'a, ya tarar an tashi, asarar tasa ce. (Ga ɗalibanmu na ƙetaren iyaka: in kun ji ana ciniki a nan ana cewa "dala ɗari", sefa 500 ake nufi, domin da biyar-biyar muke ƙirga kuɗi, jika kuma ita ce 1000.)

Wannan tsari ba sabo ba ne. Haka Malick Sidibé na Bamako ya yi a shekarun 1960: ya kwana yana zaga wuraren shagalin matasa, ya wanke, ya manna samfura a kwali, washegari a zo a zaɓa. A Yamai ma Philippe Koudjina irin wannan yawon dare ya yi a shekarun 1960 da 1970. Sidibé ya rayu har ya ga an ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Banis a 2007, kafin rasuwarsa a 2016, amma lokacin da yake ɗaukar hotunan ba fasaha yake nema ba, abinci yake nema. Injinan wankin hoto mai launi da suka bazu a shekarun 1980 su suka durƙusar da masu baƙi da fari irinsu, sannan fim ɗin kansa ya bi sahu, har Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012.

Yanzu kuma waya ce. A kowane biki wayoyi hamsin ne a sama, har sukan tare masa gaba a daidai lokacin da ake shafa fatiha. Cinikin tabarma ya ragu ƙwarai, mutane sun fi son a tura musu ta WhatsApp, kuma da wuya ka gamsar da mutum ya biya kuɗin abin da ba zai riƙe a hannu ba. Aikin dare kuma ya ƙaru. A zamanin fim mai ɗaukar hoto 36 sai ka yi tunani kafin ka danna. Yau yakan dawo da ɗaruruwa, ya zauna tacewa da gyara har tsakar dare. A nan ne buƙatar da ta fi damunsa take zuwa: "Ka ƙara mini haske." Ba hasken hoton ake nufi ba, na fata ake nufi. Yakan share ƙurji, ya rage gumi, ya ɗan ƙara abin da ba zai sa a kasa gane mutum ba, daga nan ya tsaya. Ya ce mini ya sha rasa ciniki a kan haka, domin akwai masu yi har sai amarya ta koma wata daban.

Abin da waya ba ta karɓe masa ba shi ne ajiya. Waya kan faɗa ruwa, a sace ta, ko a share komai don a samu wuri. Shi kuwa yana da ma'ajiyar kwamfuta guda uku da akwatin ƙarfe cike da hotunan da aka ƙi saya. Samari sun sha zuwa da kuɗi suna neman hoton wata yarinya da suka gani a biki. Amsarsa ɗaya ce, hoto na mai shi ne, ta zo da kanta. Masu zuwa na biyu su ne waɗanda aka yi wa rasuwa. Bayan sadakar bakwai ko ta arba'in sai ka ga mutum ya yi sallama, ya zauna, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya ce tsohuwarsu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba, amma an ce ta je wani biki shekara huɗu ko biyar da suka wuce, ko ta faɗo a wani hoto? Ba ya ajiye hotuna da sunan mutane, da kwanan wata da sunan unguwa yake ajiyewa, don haka tambayoyinsa biyu ne: bikin gidan wa, kuma wane launi ne ankon? Wani lokaci ya kwana biyu yana nema bai samu ba. Wani lokaci ya same ta a gefe, a bayan ƙawayen amarya, rabin fuska, tana kallon wani wuri. Sai ya yanko wurin, ya faɗaɗa gwargwadon yadda zai yiwu kafin ya dushe, ya kai a wanke, ya karɓi kuɗin takarda kawai.