Lokeshan ɗin da muke tura wa juna

A aikin sakatare babu abin da ake yawan kirana a kansa kamar kwatance: baƙo ya sauka Legas bai san gari ba, direba ya taso da kaya daga Arewa yana neman mai karɓa, ko an yi rasuwa ana neman gidan da za a yi jana'iza. Yanzu kowa cewa yake "turo mini lokeshan", kuma da zarar shuɗin ɗigon nan ya fito a taswira sai a ɗauka magana ta ƙare. To ba ta ƙare ba.

Wayarka sauraro take yi. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, kimanin 30 ne, suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana sanar da inda yake da daidai lokacin da ya saki saƙonsa. Wayar takan auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga taurari aƙalla 4, sannan ta lissafa inda kake. Saƙon yana gudun haske ne, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya jefa ka mita 300 daga inda kake tsaye. Ni abin mamaki a wurina shi ne yadda ma take dacewa.

A fili, inda babu abin da ya tare sama, wayar hannu takan kama wuri da kuskuren da ya kai kimanin mita 5. Da ba haka ba ne. Kafin watan Mayun 2000 da gangan Amurka ke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskuren ya kai mita 100, sai Shugaba Bill Clinton ya ba da umarni aka daina. Yanzu kuma Rasha na da GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma yawancin wayoyin zamani suna haɗa su.

Amma mu ina muke zaune? Mu nawa ne ke tsaye a fili lokacin da muke tura lokeshan? Ɗan'uwa yana cikin shago a Idumota ko Balogun, benaye sun rufe shi hagu da dama. Saƙon tauraro ba ya iso masa kai tsaye, sai ya bugi bangon wani bene ya dawo, hanyar ta ƙara tsawo, wayar ta ajiye shi a layin baya. Wani yana ƙarƙashin gadar Obalende, wani yana cikin rumfar kwano a Mile 12. Idan wayar ta rasa taurari ba ta cewa ta rasa, sai ta koma kirdado da ƙarfen sabis da waifai na maƙwabta, nan kuwa kuskuren yana iya kai ɗaruruwan mitoci. A Agege mita 200 layi nawa ne? Direban da ya kwana biyu a hanya da tumatir a mota ba shi da lokacin zagaya su ɗaya bayan ɗaya, haka wanda aka kira ya zo ya ɗauki mai naƙuda da tsakar dare.

Ita wayar tana faɗin gaskiya, mu ne ba ma dubawa. Wannan da'ira mai ruwan shuɗi-shuɗi da ke kewaye da ɗigon, ma'anarta kana wani wuri a cikinta. In ta yi faɗi, wayar ba ta da tabbas. WhatsApp ma yana rubuta adadin mitocin a ƙasa kafin ka danna turawa. Ka fito bakin titi, ka ɗan tsaya har lambar ta sauko kamar 10 ko ƙasa, sannan ka tura. Ka bi shi da saƙon murya irin kwatancen iyayenmu: bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi, gida mai koren ƙyaure. Haka nake yi wa duk baƙon ƙungiya.

Inda abin ya fi damuna shi ne maganar fili. Jama'armu suna sayen fuloti a Mowe da Ibafo da Sango Ota, kuma na ji ana cewa "ai na ɗauki lokeshan ɗin kusurwoyin a waya". Fuloti mai ƙafa 50 a 100 faɗinsa kusan mita 15 ne. Kuskuren mita 5 sulusin faɗin ke nan, kuma wannan a ranar da wayar ta yi ƙoƙari. Waya za ta mayar da kai unguwar, amma iyaka aikin safiyo mai rajista ne, da takardar awo da duwatsun kankaren da ake kafawa a kusurwa. Duk wanda ya riga ya biya kuɗi bai yi awo ba, ya same mu a taron wata mu duba takardunsa tun kafin maƙwabci ya fara gini.