Abin da Na Gano a Lungunan Shomolu

Littafina na farko bai shekara a kasuwa ba ya fara zubar da shafuka. Wata ranar Asabar na leƙa shagon da nake kai wa littattafai a kasuwar Sabon Gari, sai mai shagon ya zaro kwafi uku daga ƙarƙashin kanta ya shimfiɗa a gabana. Bango ya rabu da ciki, launinsa ya koɗe, kusurwoyi sun nannaɗe kamar kunnen akuya. Ya ce, "Malam, labarinka yana tafiya, amma jikinsa ba shi da ƙwari. Mace ɗaya ke saye, gida biyar ke karantawa. Kafin ya dawo hannun mai shi ya zama abin ƙunshe ƙosai." Na yi dariyar yaƙe na fito. Da na kammala na biyu, mai shafi 192, sai na rantse ba zan sake yin ɗab'i da ka ba. Kowa na tambaya sai ya ce idan bango mai walƙiya nake so, irin na littattafan waje, in tafi Shomolu a Legas.

Na hau babbar mota daga Sabon Gari bayan azahar, ba ni da kaya sai jaka ɗaya da filashin da littafin ke ciki, na soke shi a aljihun gaba kamar laya. Da muka ratsa Zariya na tuna cewa a nan, a Tukur-Tukur, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kuma a garin ne aka fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Ga shi yau ɗan Kano ya wuce ta da dogon wuya, zai ci sama da kilomita 1,000 don a gyara masa bangon littafi. Kaduna da Abuja sun wuce cikin gyangyaɗi. Na farka a gadar Murtala da ke Jamata, Kwara tana kwance baƙi ƙirin a ƙarƙashinmu, sannan Lokoja, sannan Okene da hawa da gangara. Gari ya waye mana a ƙasar Yarbawa, hantsi ya dubi ludayi kafin mu bar Ibadan.

Wani ɗan ƙanin mahaifina da ke zaune a Agege shi ya karɓe ni, shi ne kuma ya zama tafintana. Washegari muka bi titin Ikorodu muka sauka a Onipanu, muka kutsa da ƙafa. Tun kafin ka ga inji hancinka zai gaya maka ka iso: warin tawada, da kananzir ɗin wanke faranti, da hayaƙin janareta. Kusan kowane gida ƙasansa maɗaba'a ce. Yara na tura baro cike da takarda, mata na zaune a bakin ƙofa suna ninke shafuka da wani ɗan ƙashi mai santsi, hannu na tafiya ido na kan hira. Yawancin injinan Heidelberg ne na Jamus, tsofaffi, wasu sun girme masu jan su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba wanda yake yin komai da komai. Mai fitar da faranti daban, mai bugawa daban, mai leda daban, mai yanka daban. Aikinka zai yi ta yawo a ka daga lungu zuwa lungu kamar kayan lefe.

Bugun kansa bai ɗauki lokaci ba, kwana biyu aka gama ciki da bango. Ni a zatona an ci ƙarfin aiki. Ashe nan aka fara.

Mai bugun ya haɗa ni da wani dattijo mai aikin ƙarasawa, kowa Baba yake ce masa, ni ma na bi sahu. Na matsa a sa wa bangon leda a ranar, ya girgiza kai. Ya dangwala yatsa a kan baƙin wurin ya nuna mini tabo. Tawadar ba ta gama bushewa ba, in aka rufe ta da leda yanzu za ta yi ƙuraje, ko ledar ta ɗaye bayan 'yan makonni. Ga kuma wata hoda da ake fesa wa takarda a inji don kada ta manne da 'yar'uwarta, ita ma sai an kakkaɓe, in ba haka ba ta fito fari-fari a ƙarƙashin leda. Nan take na gane ciwon littafina na farko, domin na tuna yadda na tsaya a kan mai bugunsa na ce lallai sai ya ba ni kayana kafin ranar ƙaddamarwa. Laifin namu ne mu biyu.

Bayan kwana biyu muka koma. Injin lamineshin ba wani abin tsoro ba ne: nadin leda siririya, wadda aka riga aka shafa wa gam a gefe ɗaya, da wani ƙarfe zagayayye mai zafi da ke danna ta a kan kwali. Baba ya yi mini gwaji biyu. Mai sheƙi ta sa ja ya ƙara ja, baƙi ya ƙara baƙi, kuma ko shayi ya zuba a kai tsumma ya ishe ta. Marar sheƙi ta fi kwarjini da taushi a hannu, amma da ya ja farcensa a kan baƙin wurin sai ga zane ya fito. Ya ce ta bakin tafinta, "Alhaji, wannan ta littafin da za a ajiye a falo ce. Naka ina za shi?" Na ce cikin jakar 'yan makaranta, da ƙarƙashin matashi, da kicin. Ya miƙo mini mai sheƙin ba tare da ya ƙara magana ba.

Ya kuma koya mini abin da ban taɓa ji ba, wai takarda tana da jijiya kamar rake. Ya lanƙwasa kwali ta nan ya bi salin-alin, ya lanƙwasa ta can ya yi gardama har ya tsage. Dole jijiyar ta bi tsawon littafi daga sama zuwa ƙasa, kuma kafin a naɗe bango sai an danna masa layi a wurin lanƙwasar, in ba haka ba tawada ta fashe ta bar farin zane. Leda kuma tana da nata halin. Takarda tana shan danshi ta kumbura, ta bushe ta tsuke, leda kuwa ko gezau. Shi ya sa bango mai leda a fuska ɗaya yake ɗaga kai da damina. Da ya ji inda za a kai littafin, daga danshin Legas zuwa busasshiyar iskar hunturun Kano, sai ya ce kada in yarda da kwalin da bai kai giram 300 ba.

Daga nan sai wurin ƙawa, inda raina ya fi biyawa. Na ga yadda ake zuba wani ruwa mai kauri a kan suna kawai ko hoton fure, a tura shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, cikin daƙiƙoƙi ya daskare yana ƙyalli, su suna ce masa sifot yubi. Na ga inda ake tada haruffa su yi tudu, da hatimi biyu, mace da namiji, a matse kwali a tsakaninsu. Na ga kuma mai ruwan zinare, yana aiki da wani tsohon inji mai hannaye da ke juyawa kamar fanka. Hatimin ƙarfe ne ake gasawa, ya danna wata siririyar leda mai launi, launin ya zauna a kan takarda. Na tambaya ko akwai zinare a ciki, yaron shagon ya kusa faɗuwa don dariya. Alminiyam ne aka rina shi rawaya.

A nan ne kuma Allah ya tsare ni. Sunan littafina yana da kalmar "ƙasa". Da aka kawo hatimin aka yi gwajin farko, sai ga "kasa" tana walƙiya da ruwan zinare. Kwamfutar mai sassaƙa hatimin ba ta san ƙ mai lanƙwasa ba, shi kuwa ya ɗauka datti ne ya share. Na yi ta bayani cewa ɗaya ita ce wadda muke takawa, ɗayar kuwa macijiya ce mai dafi. Sai da tafintana ya kwatanta masa da ɗigon da suke sawa a ƙarƙashin haruffan Yarbanci sannan ya kama kai. Aka sake hatimi, na biya rabi, kwana ɗaya ya tafi. Da ina Kano na aiko da aikin ta waya, da kwafi 1,000 sun iso da maciji a goshi.

Rigima ta gaske ta tashi a kan gindin littafin, wato gefen da shafuka ke haɗuwa. Hanya mai sauƙi ita ce a jera shafuka, inji ya kankare gefen, a shafa narkakken gam, a manna bango. Haka aka yi wa na farko. Baba ya ɗauko wani littafi da aka yi wa haka, ya buɗe shi ta tsakiya ya danna da tafin hannu, sai ƙas, shafi ya fito a hannunsa. Irin wannan gam zafi yana sassauta shi, tsufa yana busar da shi, to ina ga littafin da zai wuni a cikin mota a Kano a watan Afrilu? Ya ce a ninke shafukan sha shida sha shida, su zama ƙunshi goma sha biyu, a ɗinke kowanne da zare ta tsakiya, a haɗa su, sannan gam ya biyo baya.

Kuɗina ba za su ɗauki ɗinki da dukan ƙawar da na lissafa ba. Takarda kusan duk daga waje ake kawo ta, leda ma haka, farashinsu yana bin dala ne ƙafa da ƙafa. Na kwana a Agege ina juyi. Abin da ya faɗo mini shi ne Alƙur'anin kakana, rubutun hannu, wanda har yau yana gidanmu. Ba leda, ba ma ɗinki, warƙoƙi ne a sake tsakanin tadarishi biyu, an ɗaure da tsirkiyar fata an sa a gafaka. Tawadar da aka dama da ƙaro har yanzu tana sheƙi. Mutanen da sun san inda littafi yake mutuwa, sai suka tsare wurin. Da safe na soke sifot yubi da tudun haruffa, na bar ruwan zinare a kan suna kaɗai, na ce a ɗinka.

Ranar ƙarshe na tsaya a gaban injin yanka ina kallon wuƙa tana sauka a gefe uku, ɓarɓashin takarda na zuba kamar taliya. Aka ɗaure goma-goma a leda, aka cika kwalaye, muka kai tasha. Kwana tara na yi a Legas, ban ga teku ba.

Yanzu littafin ya ga damina biyu. Kwanan baya na ga wani kwafi a hannun wata ɗaliba a cikin adaidaita sahu. Ruwan zinaren ya fara gogewa a harafin farko, ledar ta ɗan ɗaga a kusurwa ɗaya, na roƙe ta na duba, shafuka 192 suna nan cif. 'Yan'uwa marubuta, in za ku karɓi aiki daga maɗaba'a, ku buɗe kwafi ɗaya ta tsakiya ku danna da hannu a gaban mai shi, tun kafin ku biya cikon kuɗin.