Ƙwallon da Kanu bai mayar ba

Ina firamare a 1999 na ji manya suna gardama kan Nwankwo Kanu. A wasansa na farko a Arsenal, a gasar Kofin FA, golan Sheffield United ya fitar da ƙwallo domin a duba abokin wasansa da ya ji rauni. Aka yi jifa da niyyar mayar musu, sai Kanu ya ɗauke ta ya ba Overmars, shi kuwa ya zura a raga. Alƙalin wasa ya amince, amma Wenger ya nemi a sake wasan, aka kuma sake.

Sai da na shiga aikin jarida na gane Kanu bai karya doka ba. Idan ɗan wasa ne ya fitar da ƙwallo, mayar da ita kara ce kawai. Idan alƙali ne ya tsayar, tun 2019 ɗan wasa ɗaya yake sakar wa ƙwallon, sauran su ja baya mita 4. A cikin yadi na 18 kuwa, gola ake ba.

Shi ya sa nake ganin gara a jira usur. Ana kunnen doki, ba kowa ke tuna kara ba.