Ginshiƙin Kowa

Wanda ya sayi gida a benen haɗaka a Amurka, abin da ya mallaka shi kaɗai bai wuce tsakanin bangonsa huɗu ba. Rufi da ginshiƙai da matakala na kowa ne, kuma takardar kafa ginin ce ke yanka wa kowane gida kasonsa na kuɗin gyara. Akan miƙa ta ga mai saye kafin a ƙulla ciniki, amma ba kowa ke karanta ta ba.

A Champlain Towers South, bene mai gidaje 136 a garin Surfside na jihar Florida, injiniya ya yi gargaɗi tun 2018 cewa ruwa ya ci kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninkaya. A takarda gyaran na kowa ne, aljihu kuwa kowa da nasa. Aka yi ta taro ana jan ƙafa, har lissafi ya kai kusan dala miliyan 15. Da tsakar daren wayewar 24 ga Yuni, 2021, ɓangaren benen ya rufta, mutum 98 suka rasu.

A 2022 Florida ta yi dokar da ta hana masu gidaje a benaye masu hawa 3 zuwa sama kaɗa ƙuri'ar yafe wa kansu tara kuɗin gyaran rufi da ginshiƙai.