Shekara biyu a ENI, kiredi nawa ke nan?

A babban hutun bara na zuba takarduna cikin leda, na shiga mota zuwa wata jami'a ta ƙasarmu. Shekaruna 44. Na yi ashirin daga cikinsu da alli a hannu, goma sha ɗaya na ƙarshe a jardan, wurin yara ƴan shekara huɗu da biyar. Lisans nake so a fannin tarbiyyar ƙananan yara, kuma ina fatan a rage mini hanya saboda karatun da na riga na yi.

Da BEPC na shiga makarantar horon malamai, ENI, na yi shekara biyu na fito da CFEEN. Bac kuwa daga baya na same ta, daga gida na zauna jarrabawar, ina goyo, a karo na biyu. A ganina duk wannan ya isa a ce mini in fara daga shekara ta biyu.

Saurayin da ke karɓar dosiye ya juya takardun a natse, ya ɗago kai ya ce, "Madan, kiredi nawa gare ki?" Ni dai kiredin da na sani shi ne na salula. Allah ya saka masa, bai yi dariya ba, ya ja kujera ya yi mini bayani.

Jami'o'inmu suna bin tsarin LMD, wato lisans, masta, dokta, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka yi a Bolonya a 1999. A cikinsa kowane darasi yana da nauyi, nauyin nan shi ne kiredi. Kiredi ɗaya yana tsayawa a madadin aikin ɗalibi na awa 20 zuwa 25, har da wanda yake yi a gida. Zango ɗaya kiredi 30, shekara 60, lisans 180. Wanda ka ci ya zama naka, kana iya ɗaukarsa zuwa wata jami'a. Dabara ce mai kyau. Sai dai ENI ba jami'a ba ce, ma'aikatar da ke kula da ita ma daban take da ta ilimi mai zurfi, kuma a zamaninmu ba a auna karatunmu da wannan mudu ba. Takardata tana cewa na ci, ba ta cewa awa nawa na zauna a kan kowane darasi. Kwamitin da ke duba daidaiton takardu kuwa awa yake nema.

Na koma tsohuwar makarantarmu neman jadawalin darussan shekarunmu. Sau uku ina zuwa. A na uku aka samo kwafi ɗaya, gara ta ci gefensa. Na haɗa da littattafaina na rubutu da na adana a ƙarƙashin gado, aka buga hatimi, na mayar. Kuɗin mota da na hatimi sun haura jika arba'in, ban gaya wa maigida duka ba.

Bayan wata biyu amsa ta fito. An yafe mini darussa uku, kiredi 14 cikin 180. Sauran sai in fara daga shekarar farko, tare da yaran da na girmi wasu iyayensu.

Na yi fushi ƙwarai, kuma na yi rajista da fushin. Amma gaskiya ɗaya ce, wani ɓangare na hukuncin ya yi daidai. Na nemi a yafe mini darasin bunƙasar tunanin yaro, don mun taɓa shi a ENI, aka ƙi. A cikinsa ne malaminmu ya kawo gwajin Jean Piaget, masanin ƙasar Suwis: a zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, a juye ɗaya cikin dogon kofi siriri a gaban yaro ɗan shekara huɗu, zai ce na dogon ya fi yawa. Shekara goma sha ɗaya ina raba faɗa a kan wannan lokacin shan kunu, ina cewa yaran nan kwaɗayi gare su. Ashe yaron bai kai lokacin da zai gane cewa yawan abu ba ya canzawa da siffar mazubi ba. Ranar na koma masauki da kunya. Yanzu kofuna iri ɗaya muke raba wa kowa.

Inda har yau ban yarda ba shi ne koyon aiki. An ce sai na je wani jardan na zauna a bayan aji ina kallon yadda ake karɓar yara da safe, in rubuta rahoto. Malamar da aka tura ni wurinta, ni na koya mata yadda ake lallashin yaron da ya yi fitsari a wando ba tare da sauran sun lura ba. Da ta gan ni da littafi sai ta tashi ta ba ni kujerarta, ta ce, "Yaya, don Allah ki rufa mini asiri." A Faransa, inda muka kwaso yawancin tsarin karatunmu, tun 2002 doka ta ba ma'aikaci damar gabatar da ƙwarewar aikinsa gaban alƙalai a lissafa masa ita cikin difloma. Ni da aka lissafa mini, awannin zaman aji kawai aka duba, shekara ashirin na aiki ba su da gurbi a takardar.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Ma'aikatun biyu su zauna sau ɗaya, su ɗauki jadawalin ENI na kowane zamani, su rubuta cewa CFEEN ta shekara kaza tana daidai da kiredi kaza, a manna a ƙofa. Malama ta san matsayinta kafin ta sayar da akuyarta. Mu huɗu muka fara maganar lisans a unguwarmu. Biyu sun janye da suka ji yawon da na sha, ta ukun makarantar da ta yi ba a samu ko kwafin jadawalin ba.

Na gama zango na biyu a watan jiya. Da waɗanda aka yafe mini, kiredi 56 gare ni, saura darasi ɗaya na ƙididdiga da zan sake zama.