Guzurin Malamin Rangadi

Zamanin En'e, in za a tura malami rangadi ƙasar Faskari, kayan aikinsa ba su wuce akwatin kwano guda ba: littafin haraji da na jangali, da alƙalami, da kwalbar tawada, da fitilar ƙwai. A 1976 aka tsara ƙananan hukumomi, mu kuma muka gaji aikin, sai dai yau littafin nan ya koma cikin wayar hannu. A cikinta mu ke rubuta sunayen manoman da za a raba wa taki, mu ɗauki hoton rijiyar da ta rufta, mu aika ofis tun ba mu bar garin ba.

To, amma waya tamkar doki ce, ba ta tafiya sai da harawa. Harawarta kuwa wuta ce, ga shi yawancin ƙauyukanmu ba su da lantarki. Saboda haka farkon abin da ni ke sawa a jaka shi ne fawabanki, watau ɗan rumbun da a ke tara wuta a ciki. Wanda aka rubuta wa 10,000, kada mai saye ya sa ran zai cika masa babbar waya fiye da sau biyu, gama wani kashi na wutar ya kan tafi a zafi. Mai kwana uku tsakanin Daudawa da Maigora ya nemi mai 20,000, ko ya haɗa da ɗan farantin sola. Farantin a ke shanyawa a rana, ita waya a ajiye ta a inuwa, domin zafi shi ke kashe batir. Sau da yawa ni kan ga samari sun ɗora duka biyun bisa rufin kwano da tsakar rana, sa'an nan su zo suna zagin kamfani.

Igiyar caji kuwa biyu ni ke riƙewa. Abu ne na 'yan kuɗi kaɗan, amma ran da ta tsinke, fawabankin da wayar duk sun zama duwatsu, mutane kuma sun bar gonakinsu sun zo sun yi layi. Wanda sunansa bai shiga ba ran nan, mai yiwuwa ne ya yi noman bana ba taki. Da damina a sa leda, da hunturu a riƙa share bakin caji da tsinke, kada a zura allura. Layi ma biyu ya fi, don inda wani kamfani ba ya kamawa, wani ya kan kama.

Akwai kuma wani guzuri da abokan aikina su ke yi mini dariya a kansa, watau littafi da fensir. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga, aka hana masu yin caji na kuɗi. Muka yi watanni waya ba ta da amfani sai haska daki da ɗaukar hoto. Duk abin da muka ƙidaya a wannan lokaci, a takarda muka kai shi. Har yanzu, kafin in kama hanyar Sheme, sai na kwafe lambobin gida da na dagatai a bangon littafin nan, in sa shi aljihun taguwa, dabam da jakar da waya ta ke ciki, don in an tare hanya jakar a ke fara karɓewa.