Mutum Tara Cikin Goma Ba Sa Kwanciya: Me Ya Sa?

Yawancinmu da muka zaɓi ajin kimiyya, likita muke son zama. A jami'a kuma mun tarar da wasu mutane da ba sa duba marar lafiya, amma da aikinsu likita yake dogara. Su ne masu bincike. Waɗanda suka fi jan hankalinmu su ne masu nazarin yadda garkuwar jiki ke yaƙar bakteriya a huhu.

Mu ɗauki tarin fuka. Idan ƙwayar cutar ta bi numfashi ta shiga huhu, akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira makurofaj, masu haɗiye duk baƙon da ya shigo su narkar da shi. Ita wannan sai ta ƙi narkewa, ta yi zamanta a cikinsu. Daga nan jiki ya tara sauran dakarunsa su kewaye ta kamar ganuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar, amma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai daga cikinsu ke kwanciya ciwo. Me ya sa ganuwar wani ke riƙewa, ta wani kuma ta rushe? Har yau ana neman cikakkiyar amsa.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Robert Koch ya gano ƙwayar a 1882. Calmette da Guérin sun shafe shekara 13 a Faransa suna raunana wata 'yar'uwarta kafin a fara amfani da BCG a 1921, allurar da ta bar wa da yawanmu tabo a damtse. Tana kare yara daga mummunan nau'in cutar, amma ba ta cika kare huhun manya ba. Ko a ɗakin gwaji, sai an yi makonni kafin ƙwayar ta tsiro a gan ta da ido.

Hanyar doguwa ce: digiri na farko a ilimin ƙananan halittu ko makamancinsa, sai na biyu, sai na uku. Kuɗin bincike yana wuya, ɗauke wuta kuma kan lalata aikin watanni. Duk da haka muna son bin ta, domin Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi addaba a duniya, kuma masu tarin maƙwabtanmu ne.

Ƙannenmu, ku riƙe bayoloji, kemistiri da lissafi da kyau. Idan malami ya ce ba a san dalilin wani abu ba tukuna, ku rubuta tambayar ku ajiye.